Giwan Ruwan da Ya Hana a Wanke Zinare a Tafkinmu

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin mota ko ka riga ka sauka Yauri gidan kawunka Nomau. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ka san al'adarmu, uba ba ya zama ya zuba da ɗan fari. Gobe in ka zo yi mini sallama, na san abin da zan ce bai wuce "Allah ya kiyaye" ba, sai in sunkuya ina ɗinkin koma kamar ban damu ba. To na damu ƙwarai. Abin da baki ba zai iya ba shi ne na zuba a takarda, zan ba Innarka ta cusa maka a jaka.

Za ka babban ruwa koyon kamun giwan ruwa. Duk ƙasar Gummi ba na jin akwai wanda ya fi ni cancantar ya ba ka shawara kan wannan kifi, domin babu kuskuren da ban tafka a kansa ba, kuma a ƙarshe ni na yi nasara. Lokacin da abin ya faru kana Adabka wurin kakarka da ta ɗauke ka riƙo. Labarin kawai ka ji a bakin mutane, su kuma sun cire wuraren da aka yi mini dariya. Bari ka ji shi daga bakin mai shi.

Tafkinmu da kake gani yau, da hannunmu muka kusa kashe shi. Shekarar da aka raba gidan sauro kyauta a asibitin garinmu, wani ya gano cewa in ka ja shi cikin ruwa ba abin da ke tsira. Kafin wata ya ƙare kowane masunci ya kwance na ɗakinsa. Ni har uku na haɗa na ɗinke, ina ta yabon kaina da wayo. Mukan kwaso 'ya'yan kifi kamar tsakuwa, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba, mata su shanya a daka a zuba a miya. Wata rana malamar asibitin, Sista Rahila, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a cikinmu, ta biyo ta bakin tafki ta tarar da gidajen sauronta shanye a kan ƙaya suna ƙarni. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba Bawa, sauron garin nan a cikin ruwa yake kwana ne?" Na ce mata, "Malama, sauro ai mun saba da shi, yunwa ta ba mu saba da ita ba." Aka yi dariya, na ji daɗin amsata. Bayan 'yan shekaru sai ga shi mutum ya yini cikin tafki ya fito da abin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba.

Don haka, yaro, duk komar da za ka jefa a ruwa, fara zura yatsunka a idonta. In yatsu uku ba su shiga ba, aje ta, ko da kowa a Yauri da irinta yake aiki. Ƙaramin kifin da ya wuce ta idon komarka yau, shi za ka ɗauka da hannu biyu baɗi.

Ana cikin haka zinare ya tashi. Samarin garinmu suka watsar da gorar iyo da homar kamun kifi suka nufi ramukan ƙasar Anka da Bukkuyum, suna dawowa da sababbin babura. Sai kuma masifar da ka sani ta sauka a Dareta da Tungar Daji da wasu ƙauyuka, gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta yi ta kwasar yara. Aka hana niƙa dutsen a cikin gidaje, masu injuna suka shiga neman wuri a bayan gari inda akwai ruwan wanki. Cikinsu akwai Labbo mai inji, ɗan garinmu ne, tare muka yi wasan ƙasa da shi. Ya je fadar maigari ya nemi a ba shi bakin tafkinmu ya kafa injunansa, a riƙa wanke garin dutse a ciki. Tafkin nan kuwa shi muke sha da rani, a cikinsa ƙannenka suke wanka.

Maigari ya tara mu. Labbo ya ce, "Ranka shi daɗe, tabkin ga ya mutu. Babu komi cikinai sai kwaɗi. A ba ni shi, in ba samarin gari aiki." Maganarsa ta shiga kunnen mutane, don gaskiya tafkin ba ya ciyar da kowa a lokacin. Sarkin Ruwa Makau, dattijon da ke shugabantar masuntanmu, ya gyara zama ya fara magana a hankali. Roƙonsa ɗaya ne, a rufe tafkin damina biyu kamar yadda kakanni ke yi, kada kowa ya jefa ko fatsa, sannan a buɗe a gani in ya mutu. Maigari har ya fara gyaɗa kai. Ni kuwa zuciya ta riga ta ɗebe ni. Tun tsoho bai rufe baki ba na miƙe tsaye na ce, "Wa ac ce ya mutu? Aradu akwai giwan ruwa cikin tabkin ga wanda sai mutum biyu sun rataya shi ga sanda!" Rabon da a ga giwan ruwa a tafkin kuwa tun kana goye.

Labbo ya yi murmushi ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. A ruhe damina biyu. Ran da anka buɗe, in Bawa ya hiddo giwan da mutum guda bai iya ɗauka, na bar musu. In bai hiddo ba, tabki nawa na." Maigari ya ce an yi haka, kuma kwana ukun buɗe tafki su ne wa'adi. Da muka fito, Sarkin Ruwa bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Bawa, da ka bari na ƙare, da tarwaɗa kaɗai ta ishe mu shaida. Yanzu ka sa mu neman giwa."

Wannan shi ne abu na biyu. Kai ma jinina ne, na sha ganin yadda jijiyar wuyanka ke tashi in an taɓa ka. In babba yana magana a madadinku, kama bakinka har ya kai aya. Kada kuma ka rantse kan abin da ke ƙarƙashin ruwa, don ba ka gan shi ba.

Damina biyun nan na sha wuya. Na koma ƙwadago a gonakin albasa, ni da tun tasowata ban san kowace sana'a ba sai su, wato kamun kifi. Innarka ta riƙe gidan da tuyar ƙosai, ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na cika shiru ta ce, "Malam, giwan naka yana gaishe ka." Samari kuwa in sun wuce ni a kan babur sai su danna oda su ce, "Bawa mai giwa, ina hauren?" Na naɗa kaina mai gadin tafki, kullum ina zagaya shi da sanda kamar gonar ubana. Gadin nan ya yi mini yawa har na fara korar wanda bai kamata ba. Wata rana na tarar da Ardo Buba, Bafulatanin da rugarsa ke gabas da mu, yana shayar da shanunsa a mashayar da kakanninsa suka saba. Na hau shi da faɗa wai shanu na dagula ruwan kifi. Mutumin ya kaɗa dabbobinsa ya tafi. Sarkin Ruwa da ya ji ya kira ni ya ce, "Kihi anka hana kamawa, ba a hana shan ruwa ba. Kashin shanun ga shi ka ciyar da ƙananan kihin da kaka gadi. Tashi ka tai ka ba shi haƙuri." Na sayi goro na tafi rugar ina jan ƙafa.

Ardo ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono, ya bar ni na gama kame-kamena. Sannan ya ce, "Bawa, ni ban san kihi ba, nagge na sani, saniya ke nan. Amma kullum da hantsi in muna mashaya, gindin giyayyar can da ta hwaɗi cikin ruwa, wani abu na taso ma ƙananan kihi har su yi tsalle sama. Bayanai ya kai na ɗan maraƙi." Ashe ambaliyar daminar farko ta haɗa tafkin da gulbi, manyan kifi sun shigo, sun tarar da wuri shiru babu mai damunsu, sun zauna. Ni da nake zagaya tafkin kullum ina hararar mutane ban gani ba, shi da ke tsaye shiru da sandarsa ya gani.

A Yauri za ka tarar da ƙabilu iri-iri a bakin ruwa ɗaya, masu shanu da masu noma da masu jirgin haya. Kada ka ɗauka ruwa na masunci ne shi kaɗai. Ka gaishe su, ka tambaye su abin da suka gani, kuma in ka yi wa wani ba daidai ba, je ka same shi har gida tun abin bai kwana biyu ba.

Ranar buɗe tafki ta zo. Garuruwan kewaye duk sun hallara, maroƙa na ta kiɗa. Sarkin Ruwa ya shiga ruwa shi kaɗai har gwiwa, ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, jama'a suka auka da homa da goruna. Yaro, ban taɓa ganin kifi irin na ranar ba. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, kurungu, har mata suka rasa mazubi suka koma cika zannuwa. Tsofaffi suna kuka don murna. Ni kuwa ina can gindin giyayya a cikin jirgina, na jefa babbar ƙugiya na kafa mata ido har rana ta faɗi, ko motsi. Da na fito, Labbo na tsaye bakin ruwa, ya riga ya sa an sauke masa inji ɗaya a ƙarƙashin ɗorawa. Ya ce, "Kihi kam akwai, na yarda. Amma ba kan tarwaɗa munka yi magana ba."

Da na koma gida Innarka ta tambaye ni me na sa a ƙugiyar. Na ce yankan kifi da ya fara wari, irin wanda tarwaɗa ke so. Ta tafa hannu ta ce, "Haba Malam! Ni da nike ɗiyar masunci, ko ni na san giwan ruwa bai cin mushe. Abin da ka motsi shika bi." Gaskiyarta. Shekarun da na yi ina kamun tarwaɗa sun sa hannuna ya manta abin da ubana ya koya mini. Ta ware 'yan karfasa masu rai daga cikin kamun ranar, ta zuba su a tulu da ruwan tafki, ta yi ta canja musu ruwa don kada su mutu. Ka riƙe wannan: kowane kifi da abincinsa. Giwan ruwa mafarauci ne, sai ka soke ɗan kifi ta baya a hankali yadda zai ci gaba da iyo, ka sauke shi kusa da itacen da ya nutse ko dutse, can yake laɓewa. Kuma in Allah ya ba ka mata, ka riƙa gaya mata yadda aikinka ya tafi.

Rana ta biyu hayaniya ta ragu. Da hantsi na sauke ɗan karfasa a gindin giyayya. Ban gama gyara zama ba na ji an fizge igiyar kamar an ɗaura ta a babur. Murna ta rufe mini ido. Na naɗe igiyar a hannu na tokare ƙafa a jirgi na ce yau ko ni ko shi. Kifin ya taso sama gaba ɗayansa, fari tas yana sheƙi, ya buɗe baki ya girgiza kai, jama'ar bakin ruwa suka ɗauki kabbara. Igiyar da na ɗame ta gogi gefen kumatunsa mai kaifi, sai ji na yi ta tsinke. Na faɗi da baya cikin jirgi, tafin hannuna ya tsage, shi kuma ya nutse da ƙugiyata a baki. Tabon da kake gani a hannuna na dama ke nan, wanda kake tambayar Innarka tun kana ƙarami. Labbo ya ɗaga murya daga tudu ya ce, "Mun gane shi, Bawa, babba na ƙwarai! Amma hiddowa munka ce, ba nunawa ba."

Sista Rahila ce ta ɗinke mini hannun, tana yi tana faɗa. Ina zaune da bandeji sai ga Sarkin Ruwa ya shigo da kansa, yana ɗauke da wata tsohuwar gora babba, irin wadda masunci ke kwanciya a kai ya yi iyo. Ya aje ta gabana ya ce, "Kai ƙarhinka nawa da za ka ja da giwa cikin gidanai? Gobe ka ɗaure igiya ga gorar ga. In ya ci, tura ta ruwa ka sake mai. Bari shi yi hwaɗa da gora, ita ba ta gajiya, ba ta da zuciya kamar taka. Kai dai bi ta da jirgi." Na ce, "Baba, kihin da ya sha ƙugiya yau, gobe shi sake ci?" Ya ce, "Wanga sai Allah. Kai dai yi naka."

Wannan ita ce shawarar da ta fi duka, don a Yauri giwayen sun fi namu, kuma ruwan ya fi zurfi. Har abada kada ka naɗe igiya a hannu. Mutane sun bi kifi ƙarƙashin ruwa ta haka ba su dawo ba. Abin da ya fi ƙarfinka, sassauta masa ka bi shi a hankali har ya gaji.

Rana ta uku, ranar ƙarshe, hantsi ya wuce babu komai. Azahar ta yi, na fito na yi salla na koma. Mutane suka fara watsewa, yaran Labbo suka fara share wurin kafa inji. Saura ɗan karfasa ɗaya mai rai a tulun Innarka. Na soka shi, na yi bisimilla, na matsa can ƙarshen reshen giyayyar inda ruwa ya fi duhu. La'asar ta gabato sai gorar ta yi tsalle daga kan cinyata. Wallahi hannuna ya kai kan igiyar don in ja, na tuna, na ture gorar cikin ruwa.

Ka so ka ga abin nan! Gora ta kama gudu a kan ruwa ita kaɗai, ta nufi gabas, ta nutse, ta ɓullo, ta juyo yamma. Waɗanda suka fara tafiya gida suka dawo a guje. Jama'a suka yi ta bin gaɓa suna kewaya tafkin tare da ita, mata na guɗa, Ardo Buba ya bar shanunsa yana nuna mini da sanda duk inda ta ɓullo. Ni kuma ina biye da filafili a hannu ɗaya, ina ta ce wa zuciyata ta zauna. Kifin ya taso ya girgiza kai kamar na jiya, amma igiyar a sake take, babu abin da zai yanka. Sannu a hankali gudun gorar ya ragu, ta koma tafiya kamar tsohuwa, ta tsaya. Na jawo igiyar da yatsu, ba da ƙarfi ba, sai ga shi ya taso a kwance, farin cikinsa a sama. Na zura hannun hagu na kama leɓensa na ƙasa, na ja shi gefen jirgi har gaɓa, don da na ce zan ɗora shi ciki da mun kife.

Maigari ya ce a cika sharaɗi, mutum ɗaya ya gwada ɗauka. Labbo ya ce shi zai gwada da kansa. Ya tuɓe babbar riga, ya rungumi kifin, ya yunƙura, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin laka da giwan ruwa a kan cinya. Garin duka ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Aka kawo sanda aka zura, ƙarti biyu suka saɓa a kafaɗa, wutsiyar na jan ƙasa. Labbo ya tashi yana sharce laka ya miƙo mini hannu ya ce, "Ka ci, Bawa. Tabki naku na. Amma kan kihin ga nawa na, ban sha laka banza ba." Muka ba shi kan. Washegari ya kwashe injinsa. Ban taɓa jin daɗi a duniya irin na yammacin nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa maka cewa na yi hawaye a gaban mutane.

Kafin a yanka kifin, Sarkin Ruwa ya durƙusa ya buɗe bakinsa yana lalube. Ya cire ƙugiyar ranar, ya sake lalubawa har maƙogwaro. Sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa na ƙyalli, ya ce, "Bawa, ina ƙugiyar jiya?" Babu ita, babu ko tabonta. Ya miƙe ya juya ga jama'a ya ce, "Jama'a, wanga ba shi na na jiya ba. Na jiya shina ciki!" Guɗar da aka yi a lokacin ta fi ta farko, don kowa ya gane tafkin da aka ce ya mutu, giwaye ne a cikinsa ba ɗaya ba.

Tun daga shekarar muke rufe shi muna buɗewa a kan ƙa'ida, ba a taɓa wanke dutse a cikinsa ba, kuma yaran garinmu, har da na Labbo, suna sha suna wanka lafiya lau. An kama giwaye da dama bayan nan, kowanne sai na je na buɗe bakinsa da kaina. Har yau ba a fito da mai ƙugiyata ba.

To ka je Yauri ka koyi aiki. Ka bi kawunka sau da ƙafa, ka tsare sallarka, kada ka shiga ruwa in hadari ya haɗu ko da an yi maka dariya. Innarka na sa maka albarka, ni ma na sa maka. Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya sa ka fi ubanka, ya dawo mana da kai lafiya. In hannunka ya ƙware ka dawo gida, kana da ruwan da za ka dawo wa. Wancan na gindin giyayya yanzu ya fi ƙarfin tsoho irina. Na bar maka shi, ka zo ka karɓo mini ƙugiyata.

Wassalam,
Mahaifinka, Bawa.